Ruwan da Bai Yi Shiru Ba

Yayana ya yi shekara talatin da ɗoriya yana gaya wa manyan mutane su dakata, kuma suna dakatawa. Daga nan sunan ya bi shi. A shagon gahawar da ke ƙasan benen ofisoshi, tun daga masinja har manaja babu mai kiransa da sunan da iyayenmu suka raɗa masa, sai Dakata. Baƙon da ya shigo karon farko yakan ɗauka Dakta ake cewa, har ya ɗan rusuna wajen gaisuwa, Yaya kuwa ba ya gyara masa. Ni ce autar gidanmu, ni ce kuma na yi ta wanke kofuna a bayan kanta tun shekarar da mijina ya rasu Yaya ya samo mini aikin. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba.

Gahawar da yake yi ita ce 'yar mitsitsiyar nan da ake kira esfireso, wadda inji ke tura ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa garin gahawa, ta tsiyayo baƙa wuluk da kumfa ja-ja a sama, kurɓa biyu ta ƙare. Ni dai ban taɓa gane abin da ake ji a cikinta ba. Sau ɗaya na ɗanɗana, na ce wa Yaya in dai haka mutane ke son ɗaci, me ya hana su tauna maganin zazzaɓi su huta. Ya ce ba laifina ba ne, harshen da ya saba da shayi mai sukari cokali huɗu ba a neman shawararsa.

Injin shagon tsoho ne, ƙato, ya cinye rabin kanta. A cikinsa akwai tukunya da ke tafasa yini guda saboda tururin ɗumama madara, bututun ruwan gahawa kuma ta cikin tukunyar nan ya ratsa. To in inji ya ɗan zauna ba a taɓa shi ba, ruwan da ya kwanta a bututun sai ya ɗauki zafi ya wuce misali. Ka saki wannan ruwa a kan gari, ka ƙona shi, sai ɗaci da ƙauri. Ka zubar da shi da yawa har inji ya huce, gahawa ta fito da tsami, salam, ba ƙarfi. Daidai ɗin yana tsakiya, kuma ɗan kaɗan ne, injin kuwa ba shi da wani allo da zai nuna maka ka kai.

Yaya da kunne yake aunawa. Kafin ya ɗaura ludayi, wato mariƙin ƙarfen da ake danna gari a ciki, sai ya saki ruwa haka nan a banza. Ruwan ya fito yana huci, yana tartsatsi. Shi kuma ya rufe ido, ya karkatar da kai, kunnen dama wajen inji. Da hucin ya kwanta, ruwa ya koma zuba sumul, sai ya ja numfashi ɗaya, ya rufe, ya ɗaura ludayi. Duk wanda ya yi masa magana a tsakanin nan, ko wane ne shi, yatsa ɗaya zai ɗaga masa ya ce, "Dakata." Na ga ya yi wa mai benen kansa haka, mutumin ya haɗiye maganarsa ya tsaya riƙe da jaka.

Da shara ya fara a shagon, yana saurayi. Maigida, wato mai shagon na farko, shi ya lura yaron yana tsayawa da tsintsiya a hannu yana kallon inji, ya jawo shi ya koya masa. Maigida mutum ne mai harshe, ta kowace fuska. Kofin farko na kowace safiya nasa ne. Zai kurɓa, ya turo kofin baya da ɗan yatsa, ya ce, "Ka ƙona." Ko ya ce, "Ka yi barci, ruwa ya huce." Ba ya ƙara komai a kai. Shekaru aka yi ana haka kafin wata safiya ya shanye kofin tas ya buɗe jaridarsa bai ce uffan ba. Ranar Yaya ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya ba Innarmu labari kamar wanda ya ci jarrabawa. Inna ta ce, "To madalla. Yanzu dai sai ka wanke hannu ka ci abinci."

A gida babu wanda ya taɓa ɗaukar abin da muhimmanci, gaskiyar magana ke nan. Wani babban otal ya taɓa nemansa ya zama shugaban ma'aikata, ya ƙi, wai can makullai zai riƙa yawo da su, ba zai taɓa inji ba. Matarsa ta yi wata guda ba ta yi masa dariya ba. Takan ce ita ta auri mutumin da in tana magana sai ya ce bai ji ba, amma in ruwa ya yi tari a cikin inji yana ƙofar shago zai jiyo. 'Ya'yansa da suka girma, in an tambaye su aikin babansu, sai su ce yana aiki a benen ofisoshi, su bar maganar nan. Ya sani, kuma yana yi masa ciwo. Abin da yake riƙe kansa da shi magana ɗaya ce, na ji ta a bakinsa har na haddace.

"Auta, bar su. Duk wanda ya sha tawa ya san tawa ya sha. Wannan ya ishe ni."

Ba shi da gida na kansa, ba shi da mota, ba shi da muƙami. Wannan maganar ita ce dukiyarsa.

Abubuwa biyu suka faru kusa da juna. Likita ya hana shi gahawa saboda hawan jini da gyambon ciki, ya ce ko ɗanɗane kada ya yi. Yaya ya bi doka, ya ce ai ba da baki yake aiki ba, kuma ga harshen Maigida nan yana gadi. Ba a daɗe ba Maigida ya kwanta rashin lafiya, ya rasu. 'Yarsa ta karɓi shagon, yarinyar da Yaya ya sha ɗorawa a kan kanta tana ƙarama yana ba ta kumfar madara a cokali. Tana da kirki, tana da kai, amma ita ruwan lemo take sha. Tun daga ranar ba a sake turo wa Yaya kofi baya ba. Shi kuwa ya ɗauka hannunsa ne ya kai maƙura.

A gida mun fara lura rediyonsa na ƙara ƙarfi. Ka kira shi sai ka kira sau biyu. In an yi magana ya ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki, ciki-ciki suke yi. Muka mai da abin wasa, jikokinsa suna zagayowa ta bayansa su yi raɗa su gudu. A shago kuwa ni ina can baya, famfo na zuba, injin niƙa na kuka, abin da nake gani kawai bayan Yaya da yatsansa a sama, kamar kullum.

Wata rana da yamma, lokacin da shago ya yi sauƙi, mai gyara ya zo canza robobin inji. Mutum ne mai ladabi, ya daɗe yana zuwa mana. Ranar ya zo da sabon abu a jakarsa: ludayi irin namu, amma da waya a jikinsa da ɗan allo mai nuna lamba. Ya ce ma'aunin zafi ne, ana ɗaura shi a bakin inji ya faɗi zafin ruwan da ke sauka a kan gari. 'Yar Maigida ta ce tunda ya zo da shi a gwada mana.

"Nawa ya kamata ya nuna?" ta tambaya.

"Digiri casa'in da uku, ko kusa da haka," in ji mai gyara. Ya juya wajen Yaya. "Baba, ka yi yadda ka saba. In ka ce ya yi, sai in ɗaura."

Yaya ya yi dariya. "Yau kuma waya ce za ta koya mini ruwa? To bismilla."

Na kashe famfo na fito ina goge hannu, don ina son in ga yadda ɗan allon nan zai ji kunya. Shagon ya yi tsit. Yaya ya saki ruwa, ya rufe ido, ya karkatar da kai. Ruwa ya fito yana huci kamar mage ta ga kare, yana fesa tartsatsi a kan tiren ƙarfe. Bai ɗauki wani lokaci ba Yaya ya ɗaga yatsa, murmushi a fuskarsa.

"Kun ji? Ya yi shiru."

Bai yi shiru ba. Yana nan yana hucinsa, mu uku muna ji.

Ya ja numfashinsa, ya rufe. Mai gyara ya ɗaura ma'auni, lamba ta hau ta tsaya a casa'in da tara. Yaya ya ce a bar inji ya zauna a sake. Aka sake, ya sake cewa ya yi shiru a tsakiyar huci, lamba ta koma inda take.

"Ma'auninka ya lalace," Yaya ya ce. "Ka mayar musu."

Mai gyara ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya don kada ya kunyata dattijo. "Baba, ai ruwan bai yi shiru ba."

"Me ka ce?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. 'Yar Maigida ta kama duba wayarta. Yaya ya bi fuskokinmu da kallo, ya tsaya a kaina.

"Auta, ke faɗa mini."

Na matsa kusa da shi na ɗaga murya. "Yaya, yana huci. Lokacin da ka ce ya yi shiru, yana huci."

Da na raka shi wurin likitan kunne, likitan ya ce haka abin yake zuwa, siraran sauti su ne ke fara tafiya, su bar mutum da masu kauri. Yaya yana jin gurnanin inji sarai, hucin ne ya daina isa gare shi. Ya tambayi likita tun yaushe. Likita ya ce ba yau ba ne, ya kai shekara biyu, wataƙila ya fi. Muna dawowa a mota ban ji ya ambaci kunnensa ko sau ɗaya ba. Abin da yake ta nanatawa shi ne, "Shekara biyu ina ba mutane ƙonanniya. Shekara biyu, Auta."

Washegari ya sa kayansa masu kyau ya sami 'yar Maigida a ɗan ofishinta, ya ja ni na raka shi. Ya ce ya zo neman gafara ne, ya ɓata sunan shagon mahaifinta, kuma yana son a ba shi dama ya ba masu zuwa haƙuri ɗaya bayan ɗaya kafin ya ajiye aiki.

"Haba Baba," ta ce, tana ɗaga murya yadda muka koya. "Wane irin ajiye aiki? Wa ya yi ƙorafi? Ciniki ma ƙaruwa ya yi. Mai gyara zai manna maka ƙaramin ma'auni a bakin injin, ka riƙa duba lamba, shi ke nan. Babu wanda ya ma lura."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani, lallashinsa take yi. Amma na ga fuskar Yaya, na ji kamar in toshe mata baki.

"'Yata, ko mutum ɗaya?"

"Wallahi Baba ko mutum ɗaya."

Da muka fito ya tsaya a bakin wurin wanke-wanke ya ce, "Nauyina suke ji. Mutanen kirki ne, sun ga na tsufa, suna haɗiyewa don kada su kunyata ni." Na ce haka ne, Yaya. Me zan ce?

Akwai wani lauya mai ofis a hawa na uku, ya fi shekara ashirin yana shan kofinsa na safe a kujerar bakin taga. Shi ne babban mai yabon Yaya. In ya yi baƙi sai ya sauko da su, ya jera su a gaban kanta, ya ce su yi shiru su ga ikon Allah, mutumin da ke auna zafin ruwa da kunne. Shi ne mai shinshina kofi kafin ya sha, mai bayani a kan kumfa, mai cewa ya zaga ƙasashe bai ga irin wannan hannu ba. In akwai wanda ya san bambanci a benen nan, a ganin Yaya, to shi ne.

Da safe na ga Yaya ya bar inji ya zauna, ya ƙi taɓa shi har Lauya ya shigo. Bai zubar da ko ɗigon ruwa ba. Ya danna gari, ya ɗaura ludayi, ya saki ruwan nan mai huci kai tsaye. Gahawa ta fito tana tartsatsi, kumfarta baƙa, ƙaurin ya iso har inda nake, ni da ban san komai ba sai da na yamutsa fuska. Ya ɗora a faranti ya kai da kansa, abin da ba ya yi.

"Ranka ya daɗe, yau roƙo nake. Ka sha ka gaya mini tsakaninka da Allah. Kada ka ji nauyina."

Lauya ya ajiye jarida, ya ji daɗi an nemi ra'ayinsa. Ya shinshina, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya gyaɗa kai a hankali.

"Dakata, me kake so in ce? Hannunka hannu ne. Ta yau ma kamar ta fi ta jiya."

Yaya ya sunkuya ya kai kunne. "Na'am?"

Lauya ya ɗaga murya, duk shagon ya ji. "Na ce ta yau ta fi ta jiya! Babu irinka!"

Wasu a layi suka yi dariya, wani ya tafa. Yaya ya ce ya gode, ya ɗauki farantin ya dawo. Kashegari mai gyara ya manna ma'aunin, Yaya ya bi lamba ya yi wa Lauya kofi daidai, irin wanda Maigida zai shanye ya yi shiru. Lauya ya kwankwaɗe yana waya, ya ɗaga masa babban yatsa, ya fita.

Ni fa har yau ban yafe wa mutumin nan ba, kuma na san bai yi wani laifin da za a kai shi gaban alƙali ba. Shi da sauransu ba gahawa suke sha ba. Tsoho suke zuwa kallo, mai rufe ido ya ɗaga yatsa, su sami labarin da za su ba abokansu. Da sun taɓa turo masa kofi baya ko sau ɗaya, da sun yi masa mutunci. Mutum ɗaya ne a duk benen ya taɓa sanin abin da yayana ke yi, shi kuma yana kabari. Sauran shekarun nan da ya hana kansa otal, ya shanye gorin mata da kawaicin 'ya'ya, ashe shi kaɗai yake ta abinsa. Ina tunawa raina ya ɓaci, wani lokaci a kansu, wani lokaci a kan Yaya da ya yarda da su.

Bai ajiye aiki ba, don babu inda za shi. Bayan kwana kaɗan, da rana tsaka, ya kira ni.

"Auta, zo ki tsaya nan."

Ya nuna mini yadda ake cika ludayi, yadda ake dannawa. Ya nuna ɗan allon da mai gyara ya manna. "Ki saki ruwa. In lamba ta sauko casa'in da uku ki rufe, ki ɗaura."

Na yi. Gahawa ta tsiyayo da kumfarta ja-ja.

"Sai me kuma?" na tambaya.

"Babu sai me."

"Yaya, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya kwance ƙyallen da yake ɗaurawa a ƙugu ya miƙo mini, ya naɗe hannun riga ya wuce wurin wanke-wanke. 'Yar Maigida ta roƙe shi har da hawaye, ya ce tsayuwar gaban inji ce ke sa masa jiri. Ta saya masa na'urar ji mai kyau, ya yi godiya ƙwarai, ya sa ta a aljihu. In matarsa ta yi masa faɗa ya sa, a shago kuwa ya ce babu abin da kofuna za su gaya masa.

Haka muke yanzu. Ni da ba na iya haɗiye kurɓa ɗaya, ni ce mai gahawar benen ofisoshi. Layi yana sauri, 'yar Maigida tana jin daɗi. Da farko mutane sun yi ta tambaya ina Dakata, in nuna musu bayansa, su ɗaga masa hannu. Yanzu an rage tambaya.

Makon jiya Lauya ya sauko da wasu baƙi biyu. Na yi musu, suka sha. Ya taso da kansa ya kawo kofinsa kan kanta, ya nuna ni ga baƙin.

"Kun ga wannan? Ƙanwarsa ce. Abin a jini yake. Wallahi in na rufe ido ba zan bambance nata da nasa ba."

Suka fita suna dariya. Na kwashi kofunan na kai baya. Yaya ya ga bakin Lauya na motsi, ya ga an nuna ni, ya kashe famfo.

"Me ya ce?"

Na kai bakina kusa da kunnensa. "Cewa ya yi tawa ba ta kai taka ba."

Ya dube ni. Ya ɗauki kofin Lauya daga tiren, ya karkata shi wajen haske ya leƙa ciki. Babu ko ɗigo. Ya tsoma shi a ruwan kumfa ya kunna famfo.